Babban Bargo da Ƙaramin Keke

Idan kaka ta wuce, an gama girbi, sai iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas. A watan Disamba da Janairu dare ya kan yi sanyi ƙwarai. Yara su kan kwana a ƙudundune, su tashi da tari. Waɗansu mutane su kan shiga ɗaki da kaskon garwashi, su rufe ƙofa. Wannan kuwa hatsari ne babba. Wuta tana iya kama tabarma, hayaƙin gawayi kuma yana kashe mai barci a ɗakin da iska ba ta shiga. Bargo mai kauri ya fi kaskon wuta amfani, kuma ba ya ƙone gida.

To, bargo mai kyau kuɗi ne. Amma ku duba ƙarƙashin teburin tela. Kullum a kan share ƙyallaye a zubar. Ku duba cikin adaka, akwai tsofaffin zannuwa waɗanda gefensu ya mutu amma tsakiyarsu na da sauran ƙarfi. Da waɗannan a ke yin bargon ƙyallaye. Yau za mu koyi yadda a ke ɗinka babbansa a keken ɗinki irin na gida. Aikin yana da wuya, ba za mu ɓoye muku ba. Amma wanda ya san inda wuyar ta ke, ya ci rabin aikin.

MENE NE BARGON ƘYALLAYE?

Bargon ƙyallaye hawa uku ne. Na sama shi ne fuska, watau ƙyallaye da aka harhaɗa. Na tsakiya shi ne ciki, watau abu mai laushi wanda ke riƙe ɗumi. Na ƙasa shi ne shafi, kamar shafin riga. A kan ɗora su bisa juna, sa'an nan a bi su da layin ɗinki mai ratsa su duka uku, don kada su rabu.

Wannan ɗinki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Salla a Kano, ko Katsina, ko Zariya, ya ga 'yan lifida. Lifidi kuwa tufa ce mai hawa biyu da aka cusa wa audugar rimi a tsakani, aka bi ta da ɗinki. A zamanin yaƙi ita ke tare kibiya kada ta sami doki. Turawan nan masu yawon ƙasashe, Denham da Clapperton, sun iso Barno a 1823. A cikin littafin tafiyarsu da aka buga a 1826 akwai hoton wani barden Bagarmi, shi da dokinsa cikin lifidi. Saboda haka a wannan darasi za mu riƙa kiran ɗinkin da ke ratsa hawa uku ɗinkin lifidi.

A waɗansu ƙasashe ma a kan yi haka don maganin sanyi. A Bangaladash mata su kan jera tsofaffin zannuwansu bisa juna su ɗinke da hannu. Sunan abin a can kantha. A Amurka akwai wani ƙauye a jihar Alabama, ana kiransa Gee's Bend. Matan ƙauyen baƙaƙen fata ne, jikokin bayi. Talauci ya sa su yin barguna da tsofaffin kayan aikin gona. A 2002 aka baje bargunansu a manyan gidajen nuna kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma aka buga hotonsu a kan sarkin wasiƙa na Amurka. Kun ga ke nan aikin tsumma ba abin raini ba ne.

Yawancin waɗannan da hannu aka ɗinka su, aikin makonni da yawa. Keke yana rage kwanakin. Amma keke na da tasa matsala.

INA WUYAR TA KE?

Tun da Isaac Singer ya fito da kekensa a Amurka a 1851, don ɗinkin tufafi a ke ƙera keken gida. Riga da wando ba su da faɗi, ba su da nauyi. Bargo kuwa yana da duka biyu. Daga nan wahala uku ke fitowa.

Ta fari ita ce ƙuncin wuri. Ku dubi keke, ko Singer ne ko Butterfly. Allura tana hagu, ginshiƙin keken yana dama. Tsakaninsu akwai wata kafa, mu kira ta hammatar keke. Ku auna ta. Za ku sami inci 7 ko kusa da haka. In kuna ɗinka layi a tsakiyar bargo, lalle rabin bargon ya bi ta cikin wannan hammata. Bargo mai faɗin inci 81, rabinsa inci 40 da rabi ne. Watau za a cusa inci 40 cikin inci 7. Akwai manyan kekuna da aka ƙera musamman don wannan aiki, masu hammatar inci 18 ko fiye, amma suna da tsada ƙwarai, ba na gida ba ne.

Ta biyu ita ce nauyi. In bargo ya zubo daga tebur yana reto, nauyinsa ya kan ja wurin da a ke ɗinki. Sai layi ya karkace, ɗinki ya yi ƙanana a nan, manya a can. In jan ya yi yawa, allura ta lanƙwashe, ta bugi ƙarfen ƙasa, ta karye.

Ta uku ita ce zamewa. Ku ɗaga ƙarfen da ke danne ƙyalle, wanda za mu kira madanni. Ƙarƙashinsa za ku ga waɗansu haƙora. Su ne ke jan ƙyalle gaba. To, haƙoran nan shafi kaɗai su ke kamawa. Madanni kuwa yana danne fuska yana riƙe ta baya. Ciki na tsakani, mai laushi, ba ya riƙe kowa. Saboda haka shafi ya kan riga fuska tafiya. A inci ɗaya ba a ganin bambancin. Amma kafin a kai ƙarshen layi mai inci 81, fuska ta taru gaban allura kamar tudu, allura ta hau kanta ta ɗinke ninki. Wani lokaci ninkin a shafi ya ke, ba za ku gani ba sai kun juya bargon.

Ga abin da za ku riƙe daga wannan. Keke ɗinki kaɗai ya iya. Bai iya ɗaukar kaya ba, bai iya riƙe hawa uku wuri ɗaya ba. Waɗannan aikin mai ɗinki ne, kuma tun kafin a zauna gaban keke a ke yinsu. Tun ran gini, tun ran zane.

AWO DA LISSAFI

Bari mu yi bargon da zai rufe gado mai faɗin ƙafa 6, har ya ɗan zubo. Tsawonsa inci 81, faɗinsa inci 81.

Da fari ku wanke ƙyallayen duka, ku shanya, ku goge. Dalili biyu ne. Sabon yadin auduga ya kan tsuke a wankin fari, tsoho kuwa ya riga ya tsuke. In kun haɗa su ba wanki, ran da aka wanke bargon sai ya yamutse. Na biyu, waɗansu yadi su kan zubar da rini. Gara ku gane su yanzu ku fitar.

Ku sami kwali mai ƙarfi, ku yanke shi inci 10 ta ko wane gefe. Shi ne ma'auninku. Ku ɗora shi bisa ƙyalle, ku zaga da alli, ku yanka. Ku yanka guda 81. In ƙyalle bai kai inci 10 ba, ku haɗa biyu ko uku har su kai, sa'an nan ku yanka.

Ko wane ɗinki zai ci rabin inci a ko wane gefe. Saboda haka ƙyalle mai inci 10 zai koma inci 9. Ku haɗa tara a jere, sahu ɗaya ke nan. Tara sau tara 81. Ku yi sahu tara, ku haɗa su. Ku goge bakin ko wane ɗinki ya kwanta. Fuska ta samu.

Shafi da ciki kuwa lalle su fi fuska girma da inci 4 ta ko wane gefe, domin ɗinkin lifidi ya kan janye su. Watau inci 89. Turmin atamfa yadi 6 ne, faɗinsa inci 45 ko ɗan fiye. Ku yanki yadi biyu da rabi sau biyu, ku haɗa su gefe da gefe. Yadi 5 ke nan, kun sami shafi. Yadi ɗayan da ya saura ku ajiye shi, da shi za a yi baki.

ABIN DA ZA A SA A CIKI

Wanda ya fi sauƙi ga mai koyo shi ne tsohon bargo mara kauri, ko tsofaffin zannuwa biyu ko uku da aka jera. Su shimfiɗa ɗaya ne, ba sa tarwatsewa. Akwai kuma audugar kanti mai zuwa a naɗe kamar tabarma, wadda masu ɗinkin zanen gado ke saye. Ku zaɓi mara kauri. Mai kauri tana cika hammatar keke tun ba a je ko ina ba.

Audugar gona tana da ɗumi, amma sai an gurje ta an fitar da angurya sarai, an kuma shiɓe ta ta yi laushi. Angurya ɗaya ta isa ta karya allura, man da ke cikinta kuma ya kan ɓata yadi. Auduga irin wannan sai an matso da layukan ɗinki, kada tsakaninsu ya wuce inci 2. In ya wuce, ran wanki za ta dunƙule, wani wuri curi, wani wuri wayam.

Audugar rimi kuwa ku bar ta ga matashin kai. Tana da santsi, ba ta kwanciya shimfiɗe ƙarƙashin madanni, kuma tana saurin kama wuta.

SHIMFIƊA DA ƊINKIN RIƘO

Nan ne a ke cin aiki, nan ne kuma a ke ɓata shi. Ku share daɓe mai faɗi, ku shimfiɗa tabarmi masu tsabta. Ku shimfiɗa shafi, kyakkyawar fuskarsa tana kallon ƙasa. Ku miƙe shi har ba sauran tattara, ku danne gefensa da duwatsu masu tsabta. Miƙewa muka ce, ba ja ba. In kun ja shi da ƙarfi, da an ɗauke duwatsu zai koma, ya tattaro sauran.

Ku ɗora ciki, ku lallashe shi da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe. Ku ɗora fuska, kyakkyawar fuskarta tana kallon sama, ku lallashe ta ita ma. Ku zaga ku duba, ko ina shafi da ciki sun leƙo da inci 4.

Yanzu ku ɗauki doguwar allurar hannu da farin zare. Ku yi ɗinkin riƙo, watau manyan ɗinki masu tsawon inci 2, waɗanda za a zare in an gama. Ku fara daga tsakiyar bargo zuwa sama, ku komo tsakiya zuwa ƙasa, ku komo zuwa dama, ku komo zuwa hagu. Sa'an nan ku cika sauran da layuka a tsaye da a kwance, tsakanin layi da layi faɗin tafin hannu. Kullum daga tsakiya zuwa waje, don tattara ta gudu gefe ta fita. Ku tabbata allura tana kama shafi ko wane sau.

Wannan zai ci yini guda, in mutum biyu ne. Mai gaggawa ya kan ce ɓata lokaci ne, tun da za a zare zaren. Amma wanda ya ƙi yini guda a ɗinkin riƙo zai yi kwana uku yana farke ninki, yadin kuma ya huje.

In kun gama, ku ja layukan da za ku bi da alli da miƙaƙƙen katako. Inda ƙyalle ya haɗu da ƙyalle ba ya bukatar alli, gaɓar ita ce layi. Ku ja layi ɗaya kawai ta tsakiyar ko wane sahu. Tsakanin layi da layi zai zama inci 4 da rabi. Za ku sami layi 17 a tsaye, 17 a kwance.

SHIRYA KEKE DA WURI

Ku buɗe ƙarƙashin allura ku share ƙurar zare. Ku ɗiga man keke a inda ya kamata. Kada ku sa man gyaɗa, domin ya kan daskare ya riƙe ƙarafa. Ku goge man da ya zubo, kada ya taɓa bargo.

Ku sa sabuwar allura, lamba 14 ko 16. Tsohuwar allura ta kan tsallake ɗinki, ta kan kuma turo ciki ya fito ta shafi. Ku ƙara tsawon ɗinki, ya zama kamar takwas a inci ɗaya. A saman keke, daidai bisa madanni, akwai wani ƙarfe mai murɗawa. Ku sassauta shi kaɗan, don madanni ya rage danne fuska. In kuna iya samun madanni mai haƙora a jikinsa, wanda ke jan fuska daidai da yadda haƙoran ƙasa ke jan shafi, to, madalla. In babu, ɗinkin riƙo ya isa.

Ku yi lissafin zare. Layi 34, ko wane inci 81, ya kama inci 2,754, watau yadi 76 da rabi na ɗinki. Kwarkwaro ɗaya ba zai kai ba. Ku naɗe huɗu ko biyar ku ajiye kusa.

Ku ɗauki ragowar ƙyalle da ciki da shafi, ku jera su ku gwada. Ku duba sama da ƙasa. In zaren ƙasa ya leƙo sama, na sama ya yi tsauri, ku sassauta. In zaren sama ya yi lilo a ƙasa, ku ƙara matse shi. Kada ku yi gwaji a jikin bargo.

Sa'an nan ku nemi wa bargo mazauni. Ku kawo tebur ku sa bayan keke, ku sa wani a hagunku. In babu tebur, benci bisa tubali ya isa, muddin tsayinsa ya zo daidai da na keke. Ka'idar ita ce, kada wani sashe na bargo ya yi reto. Ku zauna inda haske ya ke.

YADDA A KE ƊINKIN

Ku naɗe rabin dama na bargon kamar tabarma, naɗi mai ƙarfi, har ya zo kusa da layin tsakiya. Ku ɗaure naɗin da tsumma a wuri uku ko huɗu. Ku zura shi cikin hammatar keke. Rabin hagu ya kwanta bisa teburin hagu. Abin da ke gabanku ku tara shi a cinya, ko ku saɓa naɗin a kafaɗa.

Ku fara da layin tsakiya, daga sama zuwa ƙasa. Ku ɗora tafin hannu biyu, ɗaya a dama da allura, ɗaya a hagu, ku ɗan buɗa yadin ya kwanta. Kada ku ja, kada ku tura. Ku bar haƙora su yi aikinsu. Yatsu kuma nesa da allura.

In kun ɗinka kamar tsawon taƙi ɗaya, ku tsaya, allura tana cikin yadi. In kun tsaya tana sama, bargo zai goce, layi ya karye. Ku gyara kayan da ke cinya, ku saki wanda ya maƙale a bakin tebur, ku sa hannu ƙarƙashi ku shafa shafi ku ji ko akwai ninki. Sa'an nan ku ci gaba. Kada girman bargon ya tsorata ku. Ba bargo duka ku ke ɗinkawa ba, ɗan wurin da ke tsakanin hannuwanku ne kawai. In wannan wuri ya kwanta, kuma ba abin da ke jansa, keke bai san bargo babba ne ba.

In layin tsakiya ya ƙare, ku warware naɗi kaɗan, ku koma sama, ku ɗinka layi na gaba ta wajen dama. Ko wane layi daga sama zuwa ƙasa. In kun yi ɗaya sama ɗaya ƙasa, yadin da ke tsakani zai murɗe. Layi takwas ne a dama, kuma da ko wane layi naɗin yana raguwa, aikin yana sauƙi. In sun ƙare, ku fitar da bargo, ku juya shi kai ya koma ƙafa, ku naɗe ɗaya rabin, ku yi takwas ɗin da suka saura. Ta haka abin da ke cikin hammata ba zai taɓa wuce rabin bargo ba.

Sa'an nan ku yi layuka 17 na kwance kamar yadda kuka yi na tsaye. Ku lura da inda sabon layi zai ratsa tsoho, nan ne ninki ya fi son faruwa. In kun ga yadi ya taru gaban allura, ku tsaya, ku ɗaga madanni, ku lallashe shi, ku saukar.

Keken ƙafa ya fi dacewa, domin hannu biyu suna sake. Keken lantarki ma haka, sai dai a tafi da shi a hankali. In keken hannu gare ku, ku nemi wanda zai juya muku. Ko da wane keke ne, ɗan taimako a bayan tebur yana karɓar bargo, amma ku gaya masa karɓa zai yi, ba ja ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada ku ce sai kun gama a rana ɗaya. Kafaɗa da wuya su kan gaji, mai gajiya kuwa shi ke karkata layi. Bayan ko wane layi uku ku tashi ku miƙe.

IN KEKE YA ƘI ƊAUKA

Wani lokaci ciki ya kan yi kauri, naɗi ya ƙi shiga hammata. To, akwai hanya biyu.

Ta fari, a raba aikin. Kada ku haɗa sahu tara duka. Ku haɗa uku uku, ku sami falle uku, ko wane faɗinsa wajen inci 27. Ku ba ko wane falle cikinsa da shafinsa, ku yi masa ɗinkin lifidi shi kaɗai. Amma ku bar inci 2 ba ɗinki a gefen da za a haɗa. In za ku haɗa, ku janye ciki da shafi baya, ku ɗinke fuska da fuska a keke. Ku rage cikin da almakashi har bakin wannan ya taɓa bakin wancan ba tare da ya hau shi ba, ku kama su da allurar hannu. Sa'an nan ku kwantar da shafi ɗaya, ku kalmashe ɗayan bisansa, ku ɗinke da hannu. Wannan hanya ta fi cin shafi, domin falle uku za su ci yadi 7 da rabi. Amma abin da aka rage a gefensu ya isa yin baki.

Ta biyu, a yi ƙulli. Bayan ɗinkin riƙo, ku sa zare mai kauri a babbar allura. Ku soka ta ratsa hawa uku, ku komo da ita kusa da inda ta shiga, ku ƙulle sau biyu, ku yanke. Ku yi haka ko wane inci 4. Wannan ya dace da ciki na tsohon bargo ko zane, amma bai dace da audugar gona ba.

BAKI DA WANKI

Ku zare zaren riƙo. Ku yanke rarar ciki da shafi su zo daidai da fuska. Kewayen bargo inci 324 ne, watau yadi 9. Daga yadin da kuka ajiye ku yanki tsiri takwas, ko wane faɗin inci 3, ku haɗa su su zama ɗaya. Ku ɗinka shi a bakin fuska da keke, ku lanƙwaso shi baya, ku kalmashe da hannu. Wannan ba wuya, domin bargon duka yana hagu, ba abin da ke shiga hammata.

In za ku wanke, ku matse shi a hankali, kada ku murɗe. Ku shanya shi a shimfiɗe, ko bisa igiya biyu, domin jiƙaƙƙen bargo na da nauyi, yana iya tsinka ɗinki. Kada ku naɗe shi sai ya bushe sarai.

Shawara ta ƙarshe. Kada ku fara da babba. Ku fara da na jariri, ƙyalle huɗu sau huɗu, watau yadi ɗaya ta ko wane gefe. In hannu ya saba, ku yi na yara, sa'an nan na gado. Ku kuma fara tara ƙyallaye tun da damina, don bargo ya riga hunturu isowa. Sannu ba ta hana zuwa.

TAMBAYOYI

1. Hawa nawa ne bargon ƙyallaye? Ku faɗi sunayensu.
2. Don me shafi ya kan riga fuska tafiya a keke?
3. Don me a ke fara ɗinki daga tsakiya?
4. In za ku tsaya a tsakiyar layi, ina allura za ta kasance?
5. Bargon jariri ƙyalle huɗu ne sau huɗu. Ƙyalle nawa za ku yanka? Inci nawa ne kewayensa?
6. Ku auna hammatar keken da ke garinku, ku rubuta abin da kuka samu, ku kawo aji.